Takardar Sunan Badariyya

Tun da na dawo ƙafa ba ta ɗauke daga gidan nan ba. Wannan ta shigo, "Hajiya, ya Malesiya?" Waccan ta shigo, "Hajiya, da gaske da shinkafa suke karya kumallo?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura rabin masu tambayar nan zancen takarda suke son ji, don Maijego ta riga ta fesa wa ƙanwarta a waya, ita kuwa ƙanwar bakinta ba ya riƙe ruwa. To ku gyara zama in faɗa da bakina sau ɗaya, kowa ya huta.

Maijego 'yata ce ta fari, don haka kar wadda ta jira sunanta daga bakina. Mijinta, Malam Sadiƙu, gwamnati ce ta tura shi ƙarin karatu a Kuala Lumpur, ya tafi da ita. Da cikinta ya tsufa suka aiko mini da tikiti in je in yi mata wankan jego, tun da haihuwar fari ce kuma ba ta da kowa a can. Na haɗa kayana: kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, busasshen ganyen darbejiya, turaren wuta da ɗan kaskonsa, da kilishi na suruki.

Daga Kano jirgi ya sauke mu a Habasha, muka jira wani. A nan na haɗu da wata 'yar kasuwa, Hajiya Rabi, mutuniyar Damagaram, ta rufe hanci da baki da takunkumi. Lokacin korona a rediyo kawai muke jin ta. Ta ciro wani takunkumin ta miƙo mini, na ce, "Baiwar Allah, ni ba raƙumi ba ce, riƙe kayanki." Ta ce, "Ki dai ajiye, Hajiya." Na karɓa don kunya na cusa a jaka. Da shi na yi watanni ina yawo, ina wankewa ina shanyawa, ina tuna bakina.

Da muka sauka, wani ya nufo goshina da wata aba kamar bindiga. Na sunkuya na yi salati, layi gaba ɗaya ya sa dariya. Ashe zafin jiki yake aunawa. A wajen binciken kaya kuma wata ma'aikaciya mai hijabi ta ɗago ƙullin kanwata tana juyawa, fuskarta ba walwala. Turancina na gaisuwa ne, ba ya ɗaukar shari'a. Sai na ɓalli kanwar na lasa a gabanta, na nuna ciki, na nuna goyo. Ta gane, ta yi murmushi. Ta buɗe robar daddawa ta rufe da sauri, ba ta ƙara tambaya ba. Kilishin ne ta ce ba ya shiga ƙasarsu. Doka ce, ban ga laifinta ba, amma na bi shi da ido har aka sa shi a kwando.

Unguwarsu Danau Kota ake ce mata, gidaje ne a kan gidaje. Nasu yana can sama, inda idan ka leƙa ƙasa mota kamar ƙwaro. Ba tsakar gida, ba zaure, sai 'yar baranda da ake shanya, wadda kullum iska ke kaɗawa. Maƙwabci ba ya shigo maka, kai ma ba ka shiga masa, sai dai a haɗu a lifta a yi wa juna murmushi. Musulmi ne masu kirki, ga tsafta, amma hannunsu da nauyi wajen sukari, har a miya. Malam Sadiƙu ya kai ni wajen masu shayi da suke kira mamak, na ci wata fankasau mai laushi da miyar wake, na sha shayin da ake ɗagawa sama ana tsiyayowa kamar na masu shayinmu. Wannan kam na yaba. Shinkafar kwakwa da gyaɗa da ƙananan kifi da sassafe kuwa, sai da na yi kwanaki kafin cikina ya yarda.

Ban gama warware gajiya ba aka sa dokar kulle. Aka rufe masallatai da makarantu da iyakoki. Mutum ɗaya ne a gida zai fita cefane, shi ne maigida. Ni da na saba kafin azahar na leƙa gida biyar, sai ga ni daga ɗaki sai baranda.

A barandar na san Miciko. Katanga ce 'yar siririya tsakanin tamu da tata, idan ka miƙa wuya za ka ga tukwanen furenta. Ran nan ina kaɗa miyar kuka, sai na ji ana ƙwanƙwasa katangar. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, gashi fari fat, da tabarau mai kauri. Tana jan hanci tana magana. Na ce shi ke nan, warin daddawa ya jawo mana ƙara. Maijego ta fito ta saurara, ta ce, "Umma, 'yar Japan ce. Wai ƙamshin nan ya tuna mata da gida, su ma suna da waken da suke ruɓarwa haka." Na ce yau ga wadda ta san abinci. Na zuba mata tuwo da miya na miƙa ta saman katanga. Da yamma kwanon ya dawo a wanke, da lemo a ciki. Tun daga ranar, kowace safiya idan na fito shanya sai ta rusuna mini, ni ma in rusuna, har bayana ya saba.

Haihuwa ta zo lafiya, mace. Asibiti ba su bar ni na shiga ba saboda dokar, a waya na fara ganin jikata. Da suka dawo na kama aiki. Ba itace, ba garwa, da butar lantarki nake dafa ruwan wanka, in juye in sake ɗorawa, har Malam Sadiƙu ya fara kallon mitar wuta yana shiru irin na surukai. Matan ƙasar ma ashe suna jego, da ɗaurin ciki da gashi da dutse mai zafi. Da na ji haka na ƙara ganin mutuncinsu.

Abin da ya fara sosa mini rai shi ne tambayoyin Miciko. Ta ji kukan jaririya ta bango, ta tare Malam Sadiƙu a baranda. Wace rana aka haife ta? Wane suna za a sa? Me sunan yake nufi? Shi kuwa kamar an kunna rediyo, ya zayyana mata komai, alhali ko raɗin suna ba a yi ba. Ya ce Badariyya, ya ce ma'anarsa wata idan ya cika. Da ya shigo na ce, "Malam, a garinmu ba a tallan suna kafin ranar suna." Ya ce, da "lah" ɗin nan da ya kwaso a bakin mutanen ƙasar, "Umma, ba komai lah, tsohuwa ce mai son yara." Na ƙulla abin a raina. Ga shi duk yabon da take wa yarinyar ban ji tubarkalla ko ɗaya ba.

Ranar suna ta zo mu uku a ɗaki. Liman ta waya ya yi addu'a, rago a Kano aka yanka, 'yan barka duk a cikin gilashin waya. Ban taɓa ganin suna mai sanyi irin wannan ba, Maijego har da hawayenta. Ana cikin haka aka taɓa ƙararrawar ƙofa. Malam Sadiƙu ya buɗe, ba kowa, sai wani abu a naɗe a ƙasa. Takarda ce fara mai kauri, da laushi kamar yadi. A tsakiyarta an yi wani zane da baƙin tawada, babba: 月. Kamar tsani mai matakala biyu, ƙafar hagu ta karkace waje, ta dama da 'yar ƙugiya a ƙasa. A gefe kuma ga wasu ƙananan zane a jere daga sama zuwa ƙasa.

Na ja da baya. Ni 'yar malam ce, a gaban allo na girma, kuma na ga irin hatimin da ake zanawa gida-gida a naɗe a laya. Wannan bai yi mini kama da komai ba sai shi.

Malam Sadiƙu ya ce, "Umma, daga Miciko ne, sunan jaririya ne da rubutunsu. Wata ke nan."

Na ce, "Badariyya baƙi nawa ne? Ba, dal, ra, ya, ta. Ta yaya duk za su shige cikin zane ɗaya?"

Ya ce, "Su haka nasu yake, zane ɗaya kalma ce sukutum."

Ya ɗauki hoton takardar, ya manna ta a bango saitin gadon jaririya. Na ƙyale shi, ba a musu da suruki. Amma lissafina ya riga ya cika: ta tambayi rana, ta tambayi suna tun kafin a raɗa, ta ajiye abu a bakin ƙofa ta gudu. Sai kuma yarinya ta kama kuka, kwana biyu ba ta ko kama nono sosai. Yanzu na san ciwon ciki ne irin na jarirai, ni da na raini yara na fi kowa sani. A lokacin kuwa idona a kan bangon nan yake.

Da hantsi Malam Sadiƙu ya fita cefane, Maijego barci ya ɗauke ta. Na ɓanɓare takardar, na fita baranda da kaskon turare, na karanta Falaƙi da Nasi, na ɗora ta a kan garwashi. Ta ci da wuta a hankali. Iska ta kwashi tokar ta yi gaba da ita, na ce alhamdu lillahi, sharri ya bi iska. Washegari yarinya ta yi shiru, na ƙara jin kaina.

Maijego ce ta fara lura da bangon. Na faɗa mata gaskiya, har da ɗan alfahari. Ta zauna a bakin gado ta riƙe kai.

"Umma, kin san takardar mece ce? Su ma ranar bakwai suke raɗa suna, kamar mu. Babba a gida ne yake rubuta sunan, a rataye a kan jariri. 'Yarta ta haihu a Japan kwanan nan, jikanta na fari. Ta sayi tikiti, ta sayi takardar nan tun da daɗewa ta ajiye don shi, sai aka rufe hanya. Ita kaɗai gare ta. Ta ce tun da ba za ta kai wa nata ba, bari ta ba tamu."

Na ce, "To me ya sa ta ajiye ta gudu?"

"Saboda korona, Umma. Tsoro take kar ta shafa wa jaririya wani abu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni na samu na tsallako na riski jikata, ita ba ta samu ba, kuma abin da ta tanada don nata shi na sa a kasko ina karanta masa Falaƙi. Ban iya cin abincin rana ba.

Maijego ba ta gama ba. Ta ce Miciko ta roƙi alfarma, idan an sassauta doka tana so ta shigo ta ɗauki hoton Badariyya a ƙarƙashin takardar, ta aika wa 'yarta. Sun riga sun ce mata to.

"Mu faɗa mata gaskiya kawai," in ji ta.

Na ce, "Da wane bakin? A ce mata tsohuwar da take ba ki tuwo ta ɗauke ki matsafiya? Ba da ni ba." Na ce a ba ni hoton da ke wayar Malam Sadiƙu. Ni da na rubuta allo tun ban kai in ɗaura zane ba, har malamai na yabon hannuna, zane huɗu ne zai gagare ni?

Na daka gawayin turare, na jiƙa ƙaro, na haɗa tawada irin ta gidanmu. Na ari burushin kwalliyar Maijego, na kwaso takardun da Malam Sadiƙu yake buga karatunsa. Shi dai sai ya ƙaro mini takarda. Kullum bayan wankan safe ina ɗaki a rufe ina zana tsani. Wani ya fito kamar ƙofar kaji, wani kamar gadon da ƙafarsa ta karye. Idan na fito shanya kuma Miciko ta rusuna mini da fara'arta, ni in rusuna ina ɓoye yatsuna masu baƙi a cikin mayafi.

Ina cikin kwaikwayon ƙananan zanen gefe sai na ga tsanin nan ya sake fitowa a cikinsu, ɗan mitsitsi. Na kira Malam Sadiƙu na nuna masa. Ya duba a wayarsa ya ce, "Ranar haihuwarta ce, Umma. Nan lamba ce, tsanin kuma yana nufin watan da aka haife ta." Na ce, "Watan sama da watan lissafi duk shi ne?" Ya ce duk shi ne. Na ajiye burushin na yi tagumi. Mutanen da suke kiran wata yadda muke kiransa, su na mayar bokaye.

A ƙarshe na samu ɗaya da ta yi kama. Muka sa ta a firam mai gilashi don kar a gane takardar, muka rataye. Na ce idon Miciko ai ya tsufa, ga tabarau kamar gindin kwalba.

Bayan ƙaramar salla aka sassauta doka, ta shigo. Ta cire takalmi ta jera su, ta wanke hannu, takunkumi a fuska. Ta daɗe tana kallon Badariyya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bango. Ta matsa kusa, ta gyara tabarau. Ni kuwa ina bayan kujera ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba.

Ta yi magana a hankali da Turanci, Malam Sadiƙu ya juyo yana sosa ƙeya. "Umma, wai wanda ya rubuta wannan daga dama yake farawa."

Ashe burushi ba ya rufa asiri. Inda ka fara ɗora shi ya fi kauri, inda ka ɗauke ya fi siriri. Su daga hagu suke jan layi, ni kuwa hannun allo gare ni, duk matakalan daga dama na jawo su, ƙafar dama ma ita na fara kafawa. A gidan nan kuwa an san mai rubutu daga dama. Maijego ta sunkuyar da kai, Malam Sadiƙu ya ƙura wa fanka ido.

Miciko ta juyo ta rusuna mini, rusunawar da ta fi ta kullum. Ta ce, ta bakin Malam Sadiƙu, "Haka ya fi daidai. A wajenmu kakan yaro ne yake rubutawa. Ni riƙon ƙwarya na yi." Ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton Badariyya a ƙarƙashin tsanina mai karkatattun matakala, ta aika Japan a gabana. Ba ta tambayi inda tata take ba.

Sai ta ce a kawo burushin. Ta shafa man kashe ƙwayoyin cuta a hannunta, ta shafa a nawa, ta kama hannuna kamar yadda nake kama na 'yan Islamiyya. Ƙafar hagu tukuna, daga sama a gangaro a karkata. Sannan daga kanta a ja dama, a karya kwana a sauko, a ɗaga 'yar ƙugiya, duk a numfashi ɗaya. Sannan matakala ta sama, sannan ta ƙasa, kowace daga hagu. Ta ce sunansa tsuki idan na sama ake nufi, a lissafin watanni kuma gatsu ake cewa. Daga baya ta miƙo mini kalandarta ta saman katanga, ta nuna mini shi a kan kowace Litinin, wai ranar wata ce a wajensu. Watannin da suka rage mini a can, kusan kullum sai na zana na ɗaga mata ta gani, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Ta fi girgizawa.

Da aka samu jirgin kwaso 'yan ƙasa, aka zura mini tsinke a hanci har sai da na ga taurari, aka ce ba ni da ciwon. Filin jirgin da na sauka cikin cunkoso na same shi wayam. A Abuja aka sake zura tsinken, na zo gida na killace kaina, kuna ta aiko yara suna leƙe ta taga. Wannan duk kun sani.

Abin da Maijego ba ta faɗa wa ƙanwarta ba shi ne sallamarmu, don tana ciki tana shirya goyo. Da safen da zan taho, akwatuna na bakin lifta, Miciko ta fito rakiya. Na ga idan na hau jirgi da maganar nan a cikina, har kabari za ta bi ni. Na ce, "Malam, faɗa mata. Ka ce takardarta ƙona ta na yi, da hannuna, don na zarge ta. Kar ka gyara mini magana, faɗa mata yadda na faɗa."

Ya faɗa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ba shi amsa gajeriya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ta sani, Umma. Tun ranar. Wai iska ce ta jefo guntun cikin tukunyar furenta, da 'yar ƙugiyar a jiki." Ya ƙara da cewa, "Ta ce da ta gani sai ta ce, kaka ce, tsoro take ji. Ita ma da tana kusa da nata jikan, da komai tsoro zai ba ta."

Na tuna safiyar da ta biyo bayan ƙonawar, na fito shanya ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi, ta rusuna mini da fara'a, ni kuwa na amsa mata da ƙyar. Ashe guntun yana gefenta a cikin fure. Lifta ta buɗe, na shiga, na kasa ɗaga ido in dube ta har ƙofar ta rufe.

To kun ji. Mai son dariya ta yi, na ba ta izini. Tsarabar kuma ba ni da ita, kasuwanni a rufe na baro su. Amma wadda take so ta miƙo takarda in nuna mata yadda ake rubuta wata, daga hagu ake farawa.